Shekarar da Na Hana a Kai Babanku Tajaye

'Ya'yana, bana da aka yi rasuwar Baba Illo, yayan babanku, na je Tajaye gaisuwa. Ina zaune cikin mata sai na ji wata yarinya tana nuna ni da baki, tana ce wa ƙawarta, "Waccan ce tsohuwar da ta raba Inna da ɗanta saboda tele." Ban ji haushinta ba. An haife ta ta tarar da maganar tana yawo a gidan, ta ɗauka. Ku ma na san kun ji ta tun kuna ƙanana, ko da yake babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku. Alkawari ne ya ɗaure mini baki duk shekarun nan, rasuwar Baba Illo kuma ta kwance shi. Shi ya sa na zauna da ɗan bokon da na koya da girmana, in rubuta muku yadda abin ya kasance.

Ku kun san babanku a kwance. Ni na san shi a tsaye. Lokacin da aka kai ni gidansu a Tajaye, ɗan kokowa ne. In an gama girbi aka buga ganga a dandali, daga ƙauyukan da ke kewaye ake zuwa kallonsa, kuma ban taɓa jin an ce wani ya kada shi a filin garinsu ba. Ba shi da yawan magana a gida, amma cikin maza bakinsa ba ya rufuwa. Daga baya ya koyi tuƙi, ya samu kamiyo, babbar motar kaya, wajen wani ɗan kasuwa mai jigilar siminti, muka dawo Malbaza, gidan haya mai kuran, wato wutar lantarki. Bayan gado da tukwane, abin da ya fara saya shi ne tele, irin ta da, mai hoto baƙi da fari. Ya haɗa gora biyu da ƙarfe ya kafa anteni bisa soro, ta fi kowane icce na unguwarmu tsawo, don ta kamo wata tasha ta hayin iyaka. Ba labaru yake nema a tashar ba. Duk ranar Asabar bayan la'asar suna nuna kokowar Turawa, wadda yaran yanzu ke cewa resilin, 'yan lakwal, wato 'yan boko, kuma su ce kac.

Ni ban taɓa son abin ba. Ƙatti ne tsirara sai ɗan kamfai, suna ihu suna jifar juna da kujeru. In an kunna nakan juya baya in ci gaba da girkina. Amma kunnena yana ji. Kafin a fara, tsakar gida ta cika da direbobi da masu lodi da ma'aikatan izin, wato masana'antar siminti, wasu ko ƙurar siminti ba su wanke daga gira ba. Hoton yakan yi ta yayyafi, sai a tura mutum ɗaya bisa soro yana murɗa gora ana ce masa "ƙara, ƙara, tsaya nan!" Babu mai jin Turancin da ake yi, don haka babanku ne mai fassara. Shi ya raɗa wa 'yan kokowar sunaye: akwai Dogo, akwai Na-Gemu, akwai Mai Baƙin Wando, akwai wani gajere mai ha'inci da ya sa wa Ɗan Dillali. Wata rana na ji wani ya ce ai Turawan nan kashe juna za su yi. Babanku ya yi dariya ya ce:

"Wanga duka ba duka ba ne. Ku dubi ƙahwarshi, ita ka bugun katako tana ƙara. Amma hwaɗuwar gaskiya ce. Ƙato kamar wanga shi hwaɗo daga bisa igiya shi tashi, sai wanda ya koya."

Haka muke har shekarar da yayarku Zali take ajin ƙarshe na lakwal, ku Sani da Nuhu kuna ƙanana. Cikin daminar shekarar, a hanyar Tawa, garken raƙuma ya ɓullo masa daga bayan tudu. Ya kauce musu, kamiyo ya kwanta da lodinsa. Aka ciro shi da rai, amma ƙashin bayansa ya karye. Muka daɗe a asibiti. Ranar da za a sallame mu likita ya kira ni gefe ya ce in yi haƙuri, daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da zai sake motsi.

Da muka dawo gida, mutane suka yi ta zuwa. Kowa ya shiga ɗaki ya tsuguna ya ce sannu, Allah ya sa kaffara ce, ya fita yana share ido. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke, kowa ya koma neman abincinsa. Babanku ya juya fuska ga bango. In na kawo fura ya kurɓa kaɗan ya ture. In na yi magana ya amsa da kai. Ku kanku in kun shiga sai ya rufe ido kamar mai barci. Tele kuwa na lulluɓe ta da tsohon zane na tura ƙarƙashin gado, don a ganina gidan da ake jinya ba wurin kallon wasa ba ne.

Wanda ya ɓata mini wannan shiri shi ne Agali, abokin tuƙinsa, mutumin nan mai rawani da kuka sani da butar shayi. Wata Asabar ya yi sallama, ya shigo da gawayinsa da 'yan kofunansa, mutum uku na biye da shi. Ya ce:

"Maman Zali, ina tele?"

Na ce, "Haba Agali, ba ka ga halin da muke ciki ba?"

Ya ce, "Na gani. Ƙahwahunshi suka mutu, ba idonshi ba. Hiddo ta."

Suka shiga ɗaki ba su nemi izinin kowa ba, suka ɗauko shi da tabarmarsa suka ajiye ƙarƙashin rumfa, suka jingina shi da buhun dawa. Aka kunna, wani ya hau soro. Ina bakin murhu. Can gardama ta kaure, wasu na cewa yau Na-Gemu zai kada Dogo, wasu na cewa ƙarya ne. Sai na ji wata murya a shaƙe, wadda na kwana biyu ban ji ba:

"Ba mai kada kowa yau. Ba ku ga yadda suka tara mutane ba? Ɗan Dillali na shigowa shi ɓata wasan, a ce sai wani sati."

Bai rufe baki ba gajeren nan ya faɗo fili da kujera a hannu. Tsakar gida ta ɗauki ihu. Agali ya ce masa, "Kai dai mugu ne, ko a kwance sai ka ɓata muna kallo." Babanku ya ce a ba shi shayi. Na shiga ɗaki na toshe bakina da zane na yi kuka.

Daga ranar satinmu ya samu kai da gindi. Tun ranar Juma'a yake cewa a kira wanzami, a wanke farar rigarsa. Ran Lahadi da Litinin yana maimaita mini abin da ya faru a wasan, ko ina so ko ba na so. Ya koma cin tuwo. Ya koma yi muku faɗa.

Bayan an ɗaure hatsi, Baba Illo ya zo tare da Inna, kakarku. Sun zo da magana ɗaya: a mai da shi gida Tajaye. Ina so ku sani, ba mugunta ta kawo su ba. Abin da suka faɗa gaskiya ne. Can akwai gonarsa, akwai rumbu, babu haya, akwai 'yan'uwa masu ƙarfin ɗaga shi. Inna ta riga ta sa an yaɓe masa ɗaki kusa da nata. Ni kaina da na ji, sai na ji kamar an sauke mini kaya daga ka, don bayana ya fara ciwo, kuma abin da muka tara ya ƙare a asibiti. Na ce musu to, Allah ya kai mu, na fara ɗaure tukwane.

Washegari da hantsi Baba Illo ya fita neman motar da za ta ɗauke mu, Inna tana bayan gida tana alwala. Na shiga da ruwan ɗumi ina goge wa babanku jiki. Sai ya riƙe mini hannu. Hannuwansa ba su taɓa rasa ƙarfi ba har ya bar duniya. Ya ce:

"Rabi, kin san Tajaye da rani. In an ɗaure hatsi maza duk sun tahi bida, cin rani, ba saura sai mata da yara da tsohhi. Za su aje ni zaure. Waɗanda na kada a dandali su riƙa zuwa suna tsugunawa, sannu, sannu. Nan in Asabar ta yi, maza na shigowa gidana don kansu, ba don tausayina ba. Suna gardama da ni. Agali har zagina shikai. Can ba mai zagina, Rabi. In an kai ni, ba ni ganin damina."

Na ce, "To Maigida, ka gaya musu mana."

Ya ce, "In ce ma Inna mi? In dubi idonta in ce ban son ɗakin da ta yaɓe mini? Bakina ba shi iyawa. Ke za ki ƙi. Kuma kada su ji ni na sa ki, muddin Inna da Yaya na numfashi."

Na gama goge masa ƙafafu, na matse tsumma, na sa masa riga. Na san abin da yake roƙo. Yana roƙon in zama muguwar suruka a bakin danginsa har abada, shi kuma ya zauna ɗan kirki a idon mahaifiyarsa. Na ji zafin haka a raina, ba zan ɓoye muku ba. Amma na riga na ga fuskarsa a bango, na kuma ga fuskarsa ƙarƙashin rumfa. Na ce masa na ji. Na fita na kwance tukwanen da na ɗaure.

Da Baba Illo ya dawo ya ga tukwane a kan murhu, ya tsaya. Na durƙusa na ce:

"Yaya, ku yi mini haƙuri. Ba ni tahiya, kuma shi ma ba shi tahiya."

Ya ce, "Dalili?"

Na ce nan ya fi kusa da asibiti. Ya ce likita ya riga ya sallame shi, wane asibiti kuma? Na ce karatun yara. Ya ce Tajaye akwai lakwal. Duk abin da na kawo ya ture shi, don ba gaskiyar ba ce. Ya waiwaya ya ga tele a kan teburinta ƙarƙashin rumfa, ya nuna ta da sanda.

"Ko don wancan akwatin ne? An gaya mini gidanga ya zama gidan kallo. Ƙanena na kwance, ke kina tara maza."

Maganar ta soke ni. Na ɗaga kai na ce, "Ko don shi ne, Yaya, ba shi tahiya."

Ya shiga ɗaki wajen ƙanensa. Ina jin su daga waje. Babanku ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, ita ka ɗawainiya da ni. Abin da ta ce shi ke nan." Baba Illo ya fito bai dube ni ba. Inna kuwa ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ɗaura ƙullin kayanta, ta zo ta tsaya a kaina ta ce:

"Ɗiyata, ni na haihe shi, ni na goya shi. Wanke shi ne kika ga ba ni iyawa?"

Har yau ban samu amsar tambayar nan ba. Motar da aka ɗauko don mu, su biyu ta koma da su.

Daga shekarar hatsin gona bai sake zuwa Malbaza ba. Baba Illo ya ce wanda ke son tuwon Tajaye ya zo Tajaye ya ci. Na kafa kasko a bakin tashar manyan motoci, ina suyar ƙosai da safe, da rana in sayar da shinkafa da wake. Amma babanku ba a barinsa shi kaɗai. Sai an juya shi, sai an ɗaga shi, sai an share masa. Ni ina tasha, wa zai yi? Zali ce ta ajiye allonta da littattafanta, ana saura kaɗan su yi jarrabawa. Malaminsu ya zo har gida ya roƙe ni, ya ce yarinyar nan tana da kai. Na ce na sani. Ita kuwa ba ta taɓa ce mini don me ba. Sani, Nuhu, lokacin da kuke tafiya lakwal da jaka a baya, yayarku tana gida tana wankin zannuwan babanku. Karatun da kuka yi, a kan nata kuka taka.

Ita ma kokowar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Wata Asabar maza suka taru, aka murɗa gora, sai ga wani mutum yana bayanin takin zamani. Aka ce ko an makara ne. Aka jira har magariba. Sati na gaba ma haka. Tashar ta daina nunawa, ba sanarwa, ba sallama. Na ga babanku ya fara kallon bango, hankalina ya tashi. Agali da sauran direbobi suka haɗa kai suka kawo bidiyo ta hannu, suka riƙa sayo kaset daga kasuwar iyaka in sun je Ƙonni. Kaset ɗin ba a jere suke zuwa ba. Wanda aka aske wa kai satin jiya, yau ga shi da gashi har kafaɗa. Wanda aka ce ya yi ritaya, ga shi saurayi. Babanku ne ke ɗinke labarin, ya ce wannan kafin su ɓata da wane ne, wancan bayan sun shirya. Wani lokaci na san ƙirƙira yake yi, su ma sun sani, gardamar ce abin so.

Cikin zamanin kaset ne Inna ta kwanta ciwo. Damina ce, ƙorama ta yanke hanya, kafin saƙo ya iso mana an riga an rufe ta. Tun ranar da ta fita da ƙullin kayanta ita da babanku ba su sake ganin juna ba. Asabar ɗin maza suka zo, ba a kunna komai ba, aka zauna aka yi addu'a. Da suka watse na kawo masa ruwa, na kasa haɗa ido da shi. Ya ce:

"Rabi, wanga nawa ne. Kada ki ɗauka, kayanki sun ishe ki."

Bayan kaset aka shiga zamanin faranti, wannan da ake kafawa bisa rufi yana kallon sama. Hoto ya zo da launi, tas, ba yayyafi, ana fassarawa da Faransanci. Su Dogo da Na-Gemu suka ɓace, wasu yara suka maye gurbinsu, babanku ya raɗa musu sababbin sunaye. Sai dai kowane shago ya samu nasa faranti, daga baya ma abin ya koma cikin waya, kowa da nasa a aljihu. Masu zuwa suka ragu. Wasu sun mutu, wasu sun bar gari. Amma rumfarmu ba ta taɓa zama wayam ran Asabar ba. A shekarun ƙarshe tsofaffi ne kawai, huɗu ko biyar, wani lokaci Agali shi kaɗai. Sukan kunna su bar tele tana ta ihunta, su suna hirar hanya da motocin da suka tuƙa. Mutumin da ya ce ba zai ga damina ba, ya ga aurenku duka, ya yi wa jikoki huɗuba a kunne.

Babanku ya rasu da rani, da hantsi, bayan ɗan zazzaɓi. Aka aika Tajaye. Baba Illo ya iso kafin azahar, karo na farko da ya taka gidan tun ranar sandar nan. Ya tsufa, gemu fari fat. Bai gaishe ni ba. Ya ce shi zai wanke ƙanensa, aka ba shi wuri, shi da liman. Suka daɗe. Da ya fito, hannun rigarsa a naɗe, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa, ya ratso cikin mata ya tsaya gabana. Ya ce:

"Rabi, na ga masu kwanciyar wata ɗaya, bayansu duk gyambo. Na juya shi, na duba ko'ina. Ba miki ko ɗaya. Ke kaɗai?"

Na ce, "Ni da Zali."

Ya ce, "Wace ce Zali cikinsu?"

Rabonsa da ita tun tana 'yar lakwal, bai gane ta ba. Tana can gefen randa da goyo a baya, tana zuba wa baƙi ruwa. Na nuna masa. Dattijon nan, babban gidansu gaba ɗaya, ya taka da sandarsa har inda take, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya tsuguna a gaban ɗiyar ƙanensa. Zali ta ruɗe, ta saki moɗa, tana cewa, "Baba, tashi, don Allah tashi, mutane na kallo."

Ya ce, "Su kalla."

Bai tashi ba sai da aka kira shi a ɗauki gawa.